SHARHI: Tagumin Matan Masar da Kururuwar 'Yan Fim Ɗinmu

Mai karatu, in dai kana kallon finafinan Hausa, ko na zamanin kaset ko waɗannan masu dogon zango da ake saki a YouTube duk mako, to ka san yadda ake mutuwa a cikinsu. Ka ma haddace. Likita zai fito daga wani ɗaki da abin awon ƙirji rataye a wuya, ya zare tabarau, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Kafin ya rufe baki mai fiyano ya saki kiɗan nan nasa na tausayi. Matar mamaci ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, ta zube ƙasa, ta yi birgima, ta cakumi rigar likita tana jijjiga shi, ta suma. A yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, ta ɗora daga inda ta tsaya. A kwashe minti biyar ana haka. Sai allo ya yi baƙi, a rubuta “Bayan wata biyar”, sai ga baiwar Allah ta ci kwalliya tana amsa wayar bazawari. An gama da mamaci ke nan, Allah ya jiƙan rai.

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, sama da shekara 35, kyamara ta canza, sauti ya gyaru, har jirgi maras matuƙi ake tashi da shi a ɗauko gari daga sama, amma wannan fitowa ta mutuwa tana nan yadda take. Ni kukan bai dame ni ba, mutum ai dole ya yi kuka. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗannan watanni biyar da ake haɗiyewa da rubutu ɗaya a allo, domin a cikinsu labarin yake. Kuma abin da zai ba ka mamaki, waɗanda suka fi daraktocinmu fahimtar haka wasu masassaƙa ne da suka rayu a bakin Kogin Nilu sama da shekara 2,000 da suka wuce.

Na san yanzu wani zai ajiye mujalla ya ce, me ya haɗa mu da gumakan Fir'auna? Tsaya tukuna, malam. Babu wanda ya ce ka bauta wa ice. Abin da mutanen can suka yi imani da shi shirka ne, wannan ba ya buƙatar muhawara. Amma wanda ya sassaƙa icen mutum ne, ya ga mace ta rasa miji, ya zauna ya yi tunanin yadda zai nuna abin da ke ranta ba tare da murya ba, ba motsi, ba kiɗan fiyano. Wannan ita ce matsalar da kowane darakta ke fuskanta in ya tsaya a bayan kyamara, kuma kallon yadda wani ya warware ta ai karatu ne.

Ga yadda tatsuniyar tasu take a gajarce. Wai akwai wani sarki, Osiris, wanda ɗan'uwansa Set ya kashe don hassada, ya daddatsa gawar ya watsar a faɗin ƙasar Masar. Matar Osiris, Isis, da ƙanwarta Neftis suka bazama suna nema, suka tattaro sassan jikin, suka zauna suna yi masa kuka. Daga nan ne Misirawan dā suka ɗauki al'adar cewa duk wanda ya mutu ya zama tamkar Osiris, don haka dole a samar masa waɗannan mata biyu su tsare shi. Sai a zana su a jikin akwatin gawa, ko a sassaƙa su da ice a shafe da farar ƙasa a yi musu fenti, a ajiye Neftis a wajen kai, Isis a wajen ƙafa. Akwai irin waɗannan 'yan biyu a gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok, na zamanin sarakunan Girkawa da suka mulki Masar daga wajen shekara ta 332 zuwa ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin da ya ƙare da mutuwar Kiliyofatara. Ƙanana ne, ba su kai kamu ɗaya ba. Hotunansu suna nan a intanet ga mai son gani.

To dubi hoton da kyau. Mace ce ta durƙusa ta zauna a kan dugaduganta. Bayanta a miƙe. Hannu ɗaya yana kan cinya, ɗayan ta ɗaga shi zuwa fuska. Idanu a buɗe, an zizara musu kwalli, suna kallon gaba amma ba su kallon kowa. Baki a rufe ruf. Shi ke nan. Kamanninsu ɗaya, ba ka bambance su sai da abin da ke kansu: Isis na ɗauke da alamar karagar mulki, Neftis na ɗauke da alamar gida da kwando a kansa, domin ma'anar sunanta ta yi kusa da abin da mu za mu kira uwargida, duk da ita ce ƙarama.

Wannan hannu da ke tafiya zuwa fuska, wane Bahaushe ne bai san shi ba? Ɗan'uwan tagumi ne. Mu da muka tashi a Gumel mun san in yaro ya rafka tagumi a tsakar gida, tsohuwa ba ta tambayarsa dalili, fizge hannun take yi ta ce, “Cire! Uwarka ce ta mutu ko ubanka?” Wato a wurinmu tagumi kayan maraici ne, har tsoronsa ake yi kada ya jawo abin da yake nunawa. Hannu ɗaya a kunci ya isa ya tayar wa gida guda hankali. Amma a fim sai jaruma ta fasa faranti, ta yi watsi da ɗankwali, ta buga kai a bango, mai kallo kuma yana tauna gyaɗarsa ko a jikinsa.

Wani abin kuma da ya burge ni, Misirawa suna kiran waɗannan mata biyu shirwa biyu, har sukan zana su a siffar shirwa a gefen gawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta a kasuwar Maigatari ranar Alhamis da rana tsaka, ya ji siririn kukan nan na shirwa tana shawagi a sama, zai gane inda suka samo wannan. Kuka ne mai tsawo, mai rawa a ƙarshe, daga nesa. Ga sauti kyauta a sararin samaniyarmu, amma editocinmu sun gwammace su ɗauko goge na Indiya daga cikin kwamfuta.

Kada ka ɗauka Misirawan nan ba su san kururuwa ba. Sun san ta, har sana'a suka mai da ita. A kabarin wani waziri mai suna Ramose da ke yammacin Luksor, wanda ya yi aiki zamanin Fir'auna Amenhotef na Uku sama da shekara 3,300 da suka wuce, akwai zanen bango da ya shahara a duniya: gungun mata sun cunkushe wuri ɗaya, gashi a kwance, hannuwa a sama, hawaye na gangarowa a kumatu, wasu sun tsuguna suna ɗiban ƙasa suna zubawa a ka, har da wata 'yar ƙaramar yarinya a tsakiyarsu. Masu kuɗi kan ɗauko irin waɗannan mata haya, gwargwadon arzikinka gwargwadon yawan masu yi maka kuka. Masu son finafinan Indiya za su tuna Rudaali na 1993, inda Dimple Kapadia ta fito a matsayin Shanichari, matar da mutuwa ta yi ta ɗauke mata mutane amma hawaye ya ƙi zuwa mata, ga shi kuma ana so ta shiga sana'ar kukan haya a gidajen masu ƙasa na Rajastan. Sana'ar ɗaya ce.

To a nan ne abin yake. Kururuwar ta ranar jana'iza ce, ta kan hanya, ta idon jama'a, a biya mai yi ta koma gida. Amma abin da za a rufe a cikin kabari tare da mamaci, wanda a tunaninsu zai zauna da shi har abada, sai suka zaɓi mace mai rufaffen baki. Sun raba kukan nuna wa mutane da baƙin cikin da ke zama. Akwai ma wata takardar gargajiya tasu da ke ajiye a Balin ta ƙasar Jamus, wadda a ƙarshenta aka rubuta yadda za a shirya mata biyu su fito a matsayin Isis da Neftis a wajen biki: a zaunar da su a ƙasa a bakin ƙofa, a rubuta sunayen a damatsansu, a ba su tulun ruwa a hannun dama, gurasa a hannun hagu, su sunkuyar da kai. Ka ji darakta! Ya faɗi wurin zama, ya faɗi abin riƙewa, ya faɗi inda fuska za ta kalla. Mu kuwa a lokeshin sau da yawa umarnin bai wuce, “Hajiya, a nan za ki yi kuka sosai.”

Finafinanmu sun ɗauki matan bangon Ramose sun bar masu tagumi. Abin dariya kuma abin takaici, masu fim ɗin nan su ne kullum ke cewa faɗakarwa suke yi. Alhali tun muna makarantar allo ake karantar da mu cewa hawaye halal ne, Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, amma kururuwa da marin fuska da yaga tufafi an hana. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, tun kafa ta a 2001, ta sha faɗa da 'yan fim a kan rawa da matsattsun kaya. Ba ina kiran ta ta zo ta yanke kuka ba ne, a'a, almakashinta ya ishe mu haka. Ina dai nuna maka cewa hatta a ma'aunin da masu fim suka zaɓar wa kansu, wannan fitowa ba ta ci ba.

Akwai darakta ɗaya da ya ɗauki darasin masassaƙan nan ya sa a fim, kuma ɗan ƙasarsu ne. Sunansa Shadi Abdussalam, an haife shi a Iskandariyya a 1930, ya rasu a 1986. Asalinsa mai zanen gine-gine ne da tsara sutura, ya yi aiki a fim ɗin Salahuddin na Yusuf Shahin na 1963 da kuma fim ɗin Fir'auna da 'yan ƙasar Folan suka yi a 1966. Dogon fim ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, Al-Mumiya, a 1969. Guda ɗayan nan kuwa, da bikin finafinai na Dubai ya tara masana a 2013 suka zaɓi finafinan Larabawa 100 da suka fi kowane, shi ya zo na ɗaya. Gidauniyar Martin Scorsese ta gyara shi a 2009 aka nuna a bikin Kan na Faransa.

Labarin ya faru da gaske. A wajen shekarun 1870 wasu 'yan gidan Abdurrasul na ƙauyen Ƙurna suka gano wani rami a dutsen Dairul Bahri, inda limaman dā suka ɓoye gawawwakin sarakuna da danginsu sama da 40, har da Ramsis na Biyu da Seti na Ɗaya, don gudun ɓarayi. Suka riƙa zaro kaya kaɗan-kaɗan suna sayarwa, har asiri ya tonu a 1881. Jami'an hukumar kayan tarihi, Emil Burugsh da Ahmad Kamal, suka kwashe ramin cikin kwana biyu, aka loda a jirgin ruwa zuwa Alƙahira. Shadi ya ɗauki wannan ya mai da shi labarin wata ƙabila da ke ci daga kabari. Shugabansu ya mutu, baffanni suka kai 'ya'yansa biyu ramin don su gaji sirrin, a gabansu aka farke wuyan wata gawa aka ciro sarƙar zinariya. Babban ya ce shi ba zai ci wannan abinci ba, uwarsa ta sallama shi, aka kashe shi. Ƙaramin, Wanis, wanda Ahmad Mar'i ya fito a matsayinsa, ya yi ta gararamba tsakanin kangaye yana tunani, daga ƙarshe ya je ya faɗa wa mutanen Alƙahira.

Fim ne da ya fara da jana'iza ya ƙare da jana'iza, amma ka saurara ka ji ko za a cika maka kunne. A jana'izar uban, maza ne a tsaye cikin baƙaƙen kaya, iska na kaɗa rigunansu, an watsa furanni masu ruwan shuni a kan kabari. Matan fim ɗin kuwa, lulluɓe cikin baƙi, suna tsaye jikin bango ko suna wucewa a hankali ta lungu, sai ka rantse sassaƙa su aka yi. Mai ɗaukar hoto, Abdul'aziz Fahmi, yakan dasa kyamara ya bar ta, ya bar farin dutse da baƙin mayafi su yi magana. Uwar, wadda Zuzu Hamdil Hakim ta fito, tana yanke wa ɗanta hukunci tana zaune ƙyam, murya ba ta tashi ba, kuma wallahi ta fi mai birgima ban tsoro. Sai Nadiya Lutfi, wadda a lokacin tana cikin manyan taurarin Masar, ta yarda ta fito a fim ɗin ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Ido kawai. Ka kawo wannan a industirinmu, ka ce wa babbar jaruma ga fim amma ba za ki yi magana ba, ka ga ko ba za ta ce an raina ta ba.

Ƙarshen fim ɗin shi ne inda na fi so mai karatu ya lura. Waɗanda suka rubuta tarihin abin sun ce da jirgin ya ɗauki gawawwakin sarakunan yana gangarawa, matan ƙauyuka sun fito bakin kogi da gashi a kwance suna kururuwa, maza suna harba bindiga kamar yadda ake yi a jana'iza. Wato tarihi da kansa ya miƙa wa darakta ihu a faranti. Shadi ya ƙi karɓa. Abin da ya ɗauka shi ne jerin akwatuna lulluɓe da farin ƙyalle a kafaɗun mutane, suna saukowa daga dutse da asuba, mahaya dawaki na rakiya, mutanen ƙabilar kuma, mazansu da matansu cikin baƙi, sun tsaya suna kallo ana wucewa da abincinsu da kakanninsu a lokaci guda. Ba ka san ko kukan rashin kakanni suke yi a zuci ba ko na rashin abin sayarwa. Da sun yi ihu, da sun ba ka amsa. Shirun ne ya bar ka da tambayar har ka kwanta barci.

Ba zan ce maka fim ɗin ba shi da aibu ba. Yana da nauyin tafiya ƙwarai, wanda ya saba da Izzar So zai yi hamma kafin minti ashirin. An sa wa talakawan dutse Larabcin littafi a baki, wanda ba haka suke magana ba, sai suka zama kamar masu huɗuba. Sannan matan nan da nake yabo, in ka cire uwar, sun zama ado ne kawai a cikin hoto, ba mu san abin da suke ci ba, ba mu san abin da suke faɗa wa juna in maza sun fita ba. Shadi ya so gunkin har ya kusa mai da mutane gumaka. Su kansu Misirawa sai a 1975 aka saki fim ɗin a gidajen silimarsu. Don haka ba cewa nake a kwafe shi ba, mun gaji da kwafe-kwafe. Cewa nake ya nuna ana iyawa.

Mu kuma muna da abin da shi ba shi da shi, wato cikin gida. Zo mu je gidan rasuwa a Gumel, ko a wani ƙauye na Gagarawa ko Sule Tankarkar. Misirawa kan kwashe kwana 70 suna shirya gawa, mu kuwa wanda ya cika da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa. Saboda wannan gaggawa, mace ba ta samun lokacin da za ta gaskata abin. Ana wanka, ana ɗinka likkafani, ana neman makara, ita tana zaune a ɗaka kamar an buga mata guduma. Kukan gaske yakan ɓarke ne a wuri ɗaya: lokacin da maza suka ɗaga makara za su fita da ita ta zaure. Mata ba sa bin gawa maƙabarta, don haka wannan ƙofa ita ce iyakarsu. A nan za ka ji gida ya ɗauka, a nan kuma za ka ji tsofaffi na tsawatarwa, “Ku yi masa addu'a, ba kuka yake buƙata ba.” Minti biyu, uku, sai salati da sallallami su danne kukan.

Daga nan sai zama. Maza a waje kan tabarmi a inuwar darbejiya, duk wanda ya zo a ɗaga hannu a yi fatiha a shafa. Mata a ciki, an jera takalma a bakin ƙofa. “Ya haƙuri?” “Haƙuri sai godiya.” “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.” “Amin, amin.” Matar mamaci za ta amsa wannan gaisuwa sau ɗari a wuni, har muryarta ta dushe, har kalmomin su daina ma'ana a bakinta. Maƙwabta na shigo da kwanukan abinci ba ta iya ci. A yi sadakar uku, a raba gumba, baƙi na nesa su fara ɗaure kaya. A yi bakwai, a yi arba'in a gidajen da ke yi, tabarmin waje a naɗe. Sai gida ya yi tsit, ita kuma a lokacin ne ma takabarta ta miƙa: wata huɗu da kwana goma, kimanin kwana 130, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kayan ado. A wasu gidajen har yanzu tsofaffi kan sa ta tsefe kai ko ta riƙa yawo da 'yar wuƙa, malamai kuma na cewa wannan ba ya cikin addini, ka ga ma wata rigimar da za ta yi daɗin fim.

Yanzu ka faɗa mini, wannan matar da ke zaune a bakin gado da la'asar, buta a gefe, carbi a hannu, ɗaya hannun a kunci, tana jin sallamar maza a waje tana ɗaga kai kafin ta tuna ba shi ba ne, da wa ta fi kama? Da mai birgima a asibiti, ko da 'yar icen nan ta Niyok?

Dalilan da suka sa muka bar wannan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko gado ne. Tun shekarun 1950 Kwarorin da ke riƙe da gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka karɓu a Kano irin karɓuwar da na Larabawa ba su taɓa samu ba, iyayenmu suka tashi da su, masu fim ɗinmu suka sha su a nono. Amma ko a nan kwafar rabi muka yi. Tambayi duk dattijon da ya kalli Mother India na 1957 me ya fi tunawa, zai ce maka Nargis tana jan garma da kafaɗarta, ko tana tsaye da bindiga bayan ta harbe ɗanta. Tsayuwar yake tunawa. Sai kuma kuɗi. Furodusa ya kama gida haya na kwana uku, dole a ɗauki fitowa talatin a rana, ina lokacin da za a tsaya jiran hasken la'asar ya faɗo a kan fuska? Ihu ba ya buƙatar haske mai kyau, ba ya buƙatar rubutu, a shafa ɗan man zafi a ƙasan ido a ce “akshin”. Ga kuma YouTube, inda hoton jaruma baki buɗe hawaye shaɓe-shaɓe shi ke sa a danna. Duk na yarda. Amma kyamarar da aka dasa wuri ɗaya ta kalli mace a zaune ba ta fi mai bin ta tana birgima tsada ba. Kuma muna da fuskokin da za su ɗauki wannan nauyi. Hajara Usman ko Hadizan Saima, in aka ba su fitowa ɗaya ta amsa gaisuwar ta'aziyya, a bar kyamara a kansu ana shigowa ana fita, na tabbata za su yi abin da za a daɗe ana magana.

Na bar wani abu sai yanzu. A ruwayar Fulutak, marubucin Girka da ya tattara tatsuniyar Osiris, an ce ita ma Neftis ta haifa wa Osiris ɗa, wato Anubis, kuma Isis ce ta nemo yaron ta raine shi. Ka gane ke nan matan nan biyu da ke durƙushe, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, akwai abin da ke tsakaninsu. Mu da sunan abin a bakinmu: kishi. Masassaƙin bai nuna wannan da harara ko murguɗa baki ba. Ya yi su iri ɗaya sak, ya sa gawar a tsakaninsu, ya bar mai kallo da sanin abin da ya sani.

Industirin da ta ƙoshi da labarin kishiya, tun daga zuba magani a abinci har zuwa bin boka, da wuya ka ga ta tsaya a kan kishiyoyi biyu suna takabar miji ɗaya. Alhali ga labari nan har ya yi yawa. A ce wani dillalin shanu ne na kasuwar Maigatari ya fita ranar Alhamis bai dawo ba. Ya bar uwargida mai 'ya'ya shida da amarya mai shekara biyu a gidan, ba ta haihu ba. Shekara biyu ba sa ga-maciji, yanzu shari'a ta zaunar da su a gida ɗaya kwana 130, ba mai kwalliyar da za ta yi wa wata gori, ba ranar girkin da za a yi faɗa a kai, domin wanda ake yi dominsa ya tafi. A waje 'yan'uwan miji na lissafin shanu da buhunan riɗi da zoɓo, ana raɗe-raɗin bashin da ya ci a hannun wani Ba'adare, ana maganar sayar da gidan. Tumunin da mata ke samu a gado, kashi ɗaya cikin takwas, su biyu za su raba. Uwargida ta san 'ya'yanta za su riƙe ta a gidan. Amarya ta san ranar da ta fita takaba, ranar za a zo da a-kori-kura a kwashe gadonta da kwallayenta a mai da ta gidan ubanta a Sule Tankarkar. Sannan a wata na biyu ta fara amai da safe, kuma uwargida ce kaɗai ta lura.

Ba a buƙatar asibiti, ba a buƙatar gidan bene na Nasarawa. Gida ɗaya na ƙasa, rairayin tsakar gida irin namu na Lautai, hazon hunturu da ke mai da rana kamar farin faranti. Fitowar farko ma ina ganin ta: kyamara na cikin tsakar gida tana kallon zaure, makara na fita a kafaɗun maza, ba a nuna fuskar kowa. Uwargida a ƙofar ɗakinta ta dama, amarya a tata ta hagu, turmi da taɓarya a yashe a tsakaninsu da geron da aka fara surfawa ba a gama ba. Kada mai fiyano ya taɓa komai. A bar kaji su zo su fara tsattsagar geron, a ga wacce a cikin su biyun za ta fara ɗaga hannu ta kore su.